Tafarnuwa da Hanta: Inda Kayan Miya Ke Komawa Magani

Shekarun baya wani kawuna ya je asibiti zai ba matar ƙaninsa jini, aka auna aka ce ba za a ɗauki nasa ba, yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. A ido lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Aka rubuta masa takarda ya je a yi ƙarin awo, ya ninke ta ya sa a aljihu. Wata biyu bayan haka na kwana a gidansa, da asuba na same shi a kan buzu da ɗan turmi a gabansa. Ya ɓare tafarnuwa sala bakwai, irin manyan nan farare da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, ya daddaka, ya kwaɓa da zuma, ya haɗiye ya bi da ruwan ɗumi, idanunsa na ta hawaye. Na ce, "Kawu, kun koma wajen likitan kuwa?" Ya ce, "Ɗan nan, ai wannan ba ƙwaya ba ce da za ta yi mini illa. Abinci ce. Ka taɓa jin abin da ake sa wa a miya ya kashe mutum?"

Tambayar tasa ce ta sa ni bin diddigin abin da masu bincike suka gano. Amsar da na samu ba ta gamsar da mai son a ce masa tafarnuwa guba ce, ba ta kuma gamsar da mai tallarta a lasifika a bakin tasha. Tafarnuwar da ke cikin miya ba ta da laifi. Amma da zarar an fitar da ita daga tukunya an mai da ita abin sha kullum da safe, ɗanya, da yawa, to ta koma magani, kuma dole a yi mata tambayoyin da ake yi wa kowane magani: nawa aka sha, ta wace siga, tsawon wane lokaci, wace irin hanta ce ta karɓa, da me kuma aka haɗa.

Abin da ke faruwa a cikin turmi

Salar tafarnuwa da ba a taɓa ba kusan ba ta da wari. Duk wadda ta saba girki ta san haka: sai an jajjaga ta ne warin ke tashi ya cika madafa ya manne a yatsu. Dalili shi ne tsiron ya ajiye abubuwa biyu a ɗakuna daban-daban cikin ƙwayoyin halittarsa. Ɗaya sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, ana kiransa aliyin. Ɗayan kuma mai sarrafa shi ne, aliyines. Idan taɓarya ko haƙori ya fasa bangon da ke tsakaninsu, nan take suke haɗuwa su haifar da alisin, wanda shi ne mai yajin nan da ke ƙona harshe. Chester Cavallito da John Bailey ne suka fara ware alisin a Amurka a 1944, suka nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwanon gwaji. Makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari da ruɓa.

Alisin ba ya daɗewa. Yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai masu farar wuta, ɗaya daga cikinsu ne ke bin jini ya fito ta numfashi da gumi, shi ya sa asuwaki ba ya kawar da warin. Wuta kuma tana kashe aliyines, don haka tafarnuwar da ta dahu a miya ta rasa mafi yawan kaifinta. Wannan bambanci tsakanin ɗanya da dafaffiya ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda hadisan da suka hana mai warin tafarnuwa kusantar masallaci malamai sun fassara su a kan ɗanya. Ke nan abin da ake kira da suna ɗaya kaya ne iri-iri: ɗanyar da aka daka, dafaffiya, garin da aka busar, man tafarnuwa na kwalba, da ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis. Kowanne da sinadaran da ke cikinsa, kuma sakamakon binciken da aka yi a kan ɗaya ba ya zama hujja a kan sauran.

Yadda alisin ke kashe ƙwayoyin cuta shi ne ya kama wasu gaɓoɓi masu farar wuta a jikin furotin ya hana su aiki. Matsalar ita ce ba ya tambayar furotin ɗin na wane ne. Wanda ya taɓa ganin an ɗaura wa yaro dakakkiyar tafarnuwa a kan makero ko kurji aka bar ta ta kwana, ya ga yadda fata ke salewa ta yi bororo kamar an zuba ruwan zafi. Mafi yawan abin da hanji ya tsotsa kuwa, jijiya ɗaya ce babba ke kwasarsa ta kai shi hanta kafin ya isa ko'ina a jiki. Hanta tana da abin kare kanta, musamman wani sinadari da ake kira gulutatayon, wanda shi ma farar wuta gare shi, kuma shi alisin ke fara cin karo da shi. Kaɗan daga cikin irin wannan tsokana yakan sa hanta ta ƙara ɗamara. Idan ta yi yawa, sai ta cinye garkuwar. A nan tushen saɓanin da ake gani a cikin bincike yake, inda wani ya ce tafarnuwa tana kare hanta wani ya ce tana ɓata ta, alhali kowa gaskiya ya faɗa a kan adadin da ya gwada.

Shaidar ɓeraye

Bincike biyu daga Indiya su ne ginshiƙin maganar illar tafarnuwa ga hanta. Na farko an buga shi a 2001, Banerjee da Maulik da abokan aikinsu suka yi a birnin Delhi. Sun ba ɓeraye dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa kullum har kwana 30, a mataki uku: miligiram 250, da 500, da 1000 ga kowane kilo na nauyin jiki. A mataki na ƙasa, ɗaya daga cikin sinadaran da ke kare hanta ƙaruwa ya yi. A matakai biyun sama, sinadaran kariyar sun ragu. A mafi girma kuwa, da aka duba hanta da ƙoda ta madubin ƙara girma, an ga ɓarna a fili.

Na biyu ya fito a 2006 daga Candigar, aikin Rana da abokan aikinta. Su sun fara da yawa: giram 1, da 2.5, da 5 ga kowane kilo. Awon jini ya nuna hanta ta fara taɓuwa bayan kwana 21 ga masu giram 1, kwana 14 ga masu 2.5, kwana 7 kacal ga masu 5. Wato iya yawan tafarnuwa, iya saurin illa, kuma irin wannan jeri shi ne abin da masana ke nema kafin su ɗora wa abu alhakin guba. Sai suka sauko ƙasa suka gwada giram 0.1, da 0.25, da 0.5 na kwana 28. Masu 0.5 ne kaɗai awonsu ya lalace. Sauran biyun hantarsu ta fito lafiya.

To rabin giram ga kowane kilo na ɓera, nawa ke nan ga mutum? Nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Idan aka ninka da nauyi kai tsaye, mutum mai kilo 60 zai buƙaci giram 30 kullum, kimanin manyan sala bakwai zuwa goma. Amma masu harhaɗa magunguna ba haka suke lissafi ba, domin jikin ƙaramar dabba ya fi na mutum saurin sarrafa abin da ya ci. Suna bi ta faɗin fatar jiki, su raba adadin ɓera da 6.2. Da wannan lissafi, giram 30 ɗin nan sai ya dawo kusan giram 5, babbar sala ɗaya ko biyu. Abin lura shi ne, a littafinta na tsire-tsiren magani na 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci giram 2 zuwa 5 na ɗanyar tafarnuwa a matsayin abin da baligi zai iya ci a rana. Da lissafi na biyu ya yi daidai ƙwarai, da miliyoyin mutanen Koriya da Sin da Italiya, waɗanda ba sa cin abinci ba tafarnuwa, sun cika asibitoci da ciwon hanta saboda ita, kuma ba haka abin yake ba. Ɓera ana ɗura masa rabonsa ne gaba ɗaya, ɗanye, ba a cikin tuwo da miya ba. A ganina abin da ya dace a ɗauka daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne cewa akwai iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa da abin da masu shan tafarnuwa don magani ke sha. Sala bakwai ɗin Kawu sun kai giram 25 zuwa 30. Ko da lissafi mai sassauci aka bi, ya taka layin.

Abin da aka gani a jikin mutane

A wajen mutane rahoton cewa tafarnuwa ita kaɗai ta raunata hanta ƙalilan ne ƙwarai, duk da yawan masu cin ta. Wanda aka fi ambata ya fito a 2017 daga likitocin Jami'ar Mishigan a Amurka. Wani mutum ne da aka yi wa dashen hanta, yana fama da ƙarancin iska a jini irin wanda ciwon hanta kan jawo wa huhu. Da ma akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna tafarnuwa na iya taimakawa a wannan hali, sai aka ba shi ƙwayoyinta masu ƙarfi. Awon hantarsa ya tashi, aka bincika sauran dalilai ba a samu ba, aka tsayar da tafarnuwar, awon ya sauka. Mutum ɗaya ne, kuma mutum ɗaya ba ya kafa ƙa'ida. Amma a duba wane ne: mai hanta mai rauni, mai shan wasu magunguna, aka ba shi adadi mai yawa. Duk sharuɗɗan nan uku sun taru a kansa.

A ɗaya ɓangaren akwai gwaje-gwajen da aka yi a Iran a kan masu kitse a hanta. A ɗaya daga cikinsu da aka buga a 2020, an ba marasa lafiya garin tafarnuwa miligiram 800 kullum har mako 15, kuma kitsen ya ragu ga da yawa daga cikinsu fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. Irin wannan sakamako ne masu talla ke riƙewa su ce kimiyya ta tabbatar tafarnuwa na wanke hanta. Abu biyu suke tsallakewa. Miligiram 800 na gari bai kai giram ɗaya ba, kwatankwacin ɗanyar sala ɗaya matsakaiciya ne. Sannan kafin a ce mutum yana da wannan nau'in ciwon kitse, sai an tabbatar ba ya ɗauke da ƙwayar B ko C. Ma'ana, irin su Kawu an fitar da su daga gwajin tun daga bakin ƙofa. Hausa kuwa kalma ɗaya muke da ita, "ciwon hanta", muna rufe cututtuka da dama da ita: na ƙwayar cuta, na kitse, na giya, na tsutsar ruwa, na daji. Haka "shawara", wadda alama ce kawai ta rawayar ido, tana iya fitowa daga hanta, ko toshewar maɗaciya, ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Wannan dunƙulewar suna ita ke sa sakamakon da aka samu a kan cuta ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kan wata.

Haɗuwa da wasu magunguna

Hanyar da tafarnuwa ta fi yin ɓarna ba ta kai wa hanta hari ba ce, ta shiga tsakanin jiki da maganin asibiti ce. A 2002 Piscitelli da abokansa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka buga gwajin da suka yi da mutum goma masu lafiya. Sun ba su sakwinabir, wani maganin ƙanjamau, sannan suka haɗa musu da ƙwayar tafarnuwa sau biyu a rana na kusan mako uku. Yawan maganin a jini ya faɗi da kusan rabi. Bayan kwana goma da daina tafarnuwar ma bai koma yadda yake ba, ya tsaya a kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Yau ba a cika amfani da sakwinabir ba, amma 'yan gidansa irin su lofinabir da atazanabir suna cikin magungunan da ake komawa gare su idan na farko ya gaza. Maganin ƙanjamau da ya ragu a jini kuwa dama ce ga ƙwayar cutar ta koyi bijirewa.

Akwai kuma wani ma'aikaci a cikin hanta da masana ke kira CYP2E1, wanda man tafarnuwa ke rage wa ƙarfi, kuma an auna hakan a jikin mutane. Shi ne ke juya wani ɓangare na farasitamol ya zama guba idan an sha fiye da kima, shi ya sa a gwajin dabbobi tafarnuwa ta rage ɓarnar farasitamol. Wannan ba lasisi ba ne na haɗa su. Abin da yake nunawa shi ne tafarnuwa tana taɓa injin da hanta ke sarrafa magunguna da shi, kuma abin da zai iya rage gubar wani magani zai iya sauya aikin wani. Mai shan maganin tarin fuka ya fi kowa buƙatar kula a nan, domin uku daga cikin magungunan nan huɗu na watanni biyun farko da kansu suna iya wahalar da hanta. Idan idonsa ya yi rawaya alhali yana haɗawa da jiƙo da man tafarnuwa bai faɗa ba, likita zai rasa wanda zai kama.

Sai batun jini, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi ga mai tsohon ciwon hanta. Tafarnuwa tana rage manne wa juna da ƙwayoyin daskarar da jini ke yi, kuma a 1984 Eric Block da abokansa suka bayyana tsarin sinadarin ajowin da ke cikin masu wannan aiki. A 1990 an ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 87 da ke cin sala huɗu kullum, jini ya taru masa a ƙashin baya ya danne laka. Shi ya sa masu sa barcin tiyata ke cewa a daina ƙwayoyin tafarnuwa aƙalla kwana bakwai kafin aiki. Yanzu a kawo mutumin da hantarsa ta ƙanƙance ta yi tauri. Hanta ce ke ƙera mafi yawan sinadaran da ke tsayar da jini, tasa ta gaza. Saifarsa ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin daskarar da jini. Jijiyoyin maƙogwaronsa na ciki sun kumbura saboda jini ya rasa hanyar ratsa hanta, fatarsu ta yi siriri. Aman jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan marasa lafiya. A ba wannan mutum ɗanyar tafarnuwa mai ƙona ciki, ba komai a cikinsa, kowace safiya, ganganci ne ko da ba ta taɓa ƙwayar hanta ko ɗaya ba. Kuma shi ne wanda 'yan dubiya suka fi kawo wa ita, kowa da kwalbarsa, kowa da kyakkyawar niyya.

Abin da ke cikin kwalba

Ɗanyar tafarnuwa aƙalla mutum ya san abin da ya daka. Kwalba kuwa sai abin da aka faɗa masa. A 2001 Lawson da Wang suka auna ƙwayoyin tafarnuwa iri 24 da ake sayarwa a Amurka, suka tarar mafi yawansu ba sa sakin ko kashi 15 cikin 100 na alisin ɗin da ya kamata. Idan haka ta faru a inda ake rubuta adadi a jikin kwali, ina ga man da aka ɗura a tsohuwar robar ruwa, ba sunan wanda ya haɗa, ba ranar lalacewa, an gauraya shi da sassaƙe da saiwoyin da mai sayarwa ba zai faɗa ba don sirrin sana'a ne? Ko waɗanda ke da lambar hukumar NAFDAC ma, lambar da ake ba maganin gargajiya a matakin farko tana nufin an duba shi ta fuskar aminci, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta. Idan mai shan irin wannan haɗi ya kwanta, a ce tafarnuwa ce ta kwantar da shi zalunci ne gare ta, a ce ba ita ba ce kuma babu hujja.

Jaki da taiki

Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da C. Miliyoyin mutane ke nan, akasarinsu ba su sani ba, domin hanta ba ta da kuka. Tana iya shekara ashirin tana lalacewa mutum na noma yana kasuwa. Allurar rigakafin B ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan bai same ta a wannan tsari ba. A kan wannan kuma ga gubar afulatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wadda idan ta haɗu da ƙwayar B take ninka haɗarin dajin hanta. Waɗannan su ne jakin. Wanda ya tsaya yana tsoron tafarnuwar miyar kuka alhali bai taɓa awon B ba, taiki yake duka.

Amma ta nan ɗin ne tafarnuwa ke yin illarta mafi girma a ƙasar Hausa, illar da ba a gani a madubin ɗakin gwaji. Tana cike gurbin asibiti. Tana da araha, ga ta a kowace kasuwa daga fadamun Sakkwato da Kano har lambunan Abzin, tana da yaji da wari irin wanda ke sa mutum ya ji lalle wani abu na aiki a jikinsa. Mai ɗauke da B kuma da ma ba ya jin ciwo, don haka duk safiyar da ya tashi lafiya sai ya ba tafarnuwa ladan. Mun ga irin wannan a 2020 lokacin korona, da aka rungumi tafarnuwa da citta da lemun tsami har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu shaidar tafarnuwa na hana kamuwa. Ƙwayar B tana zaune ne a can cikin cibiyar ƙwayoyin hanta, babu gwajin da ya nuna tafarnuwa na fitar da ita daga jikin mutum. Abin da aka tabbatar yana danne ta shi ne magunguna irin su tenofobir da entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba kowane mai ɗauke da ita ne ma ke buƙatar su nan take ba. Awo ne ke rarrabewa: sinadarin ALT da ke tashi a jini idan ƙwayoyin hanta na fashewa, yawan ƙwayar cutar, da hoton ciki.

Kawu ya shafe wata takwas a kan turminsa. Ƙwannafi ne ya fara hana shi barci, sai ciwon ciki, har ya kai ga zuwa asibiti don gyambon ciki, ba don hanta ba. Na raka shi. Likitar ta tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a, kuma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Sai da na ce, "Kawu, ku gaya mata zancen tafarnuwar," sannan ya faɗa, ta ajiye biro ta tambayi sala nawa, ɗanya ko dafaffiya, tun yaushe. Ta ce ya daina ta safe, ta cikin miya kuwa ya ci abinsa. Tsohuwar takardar nan da ya ninke tana nan a aljihun wata riga, ta yi laushi har rubutun ya dushe, sai da aka sake rubuta wata. Awon ya nuna ƙwayar cutar na da yawa a jininsa, ALT ɗinsa ya haura, aka ɗora shi a kan tenofobir. Yanzu duk wata shida yana zuwa a ɗauki hoton cikinsa a ɗebi jini.